Maganin Ƙanjamau da Wahalar Shansa: Labari daga Jonke

A cikin shekarun da wannan ɗan littafi ya ke tunawa da su, babu ciwon da ya shiga gidajenmu da ban tsoro kamar ƙanjamau, wanda mu ke kira sida a nan ƙasashen da a ke jin Faransanci. A Amurka aka fara ba da labarinsa, cikin 1981. A 1985 aka same shi a ƙasar Benin, Nijeriya ta ba da sanarwa a 1986, Nijar kuwa a 1987. Ɓarnar da ya yi ba sai an gaya wa kowa ba. Amma labarin maganinsa ba a cika bayarwa ba, watau yadda ya zo, da irin wahalar da ya ba masu shansa, har mutane da yawa suka aje shi alhali sun sani ransu a cikinsa ya ke. An zarge su da wauta, an zarge su da taurin kai. Wanda ya bi labarin tun daga fari zai ga laifin bai tsaya a kansu kaɗai ba.

Mai karatu da bai san Kwatano ba, bari mu gaya masa inda Jonke ta ke. Unguwa ce a tsakiyar gari, maƙwabciyar Zongo, ta yi suna tun da daɗewa da tashar mota da 'yan canji da gidajen saukar baƙi. Bahaushen da ya gangaro daga Maraɗi ko Dosso ta Gaya da Malanbil, ko ya ɓullo daga Kano ta Ikko, da wuya ya bar garin bai taka ta ba. Inda baƙi su ke da yawa kuwa, mata masu zaman kansu ba su rasa taruwa. A 1993, da aka auna jinin irin waɗannan mata a Kwatano, aka sami ƙwayar cutar a jikin 53 cikin 100. Bayan shekara 15 ana aiki a cikinsu da taimakon ƙasar Kanada, a 2008, lissafin ya sauko zuwa 30. Abu biyu a ke so a riƙe game da irin wannan unguwa. Gida ɗaya ɗakuna barkatai, famfo ɗaya, makewayi ɗaya, ba a yin amai ko zawo a ɓoye. Mutanenta kuma matafiya ne, yau suna nan, gobe suna Lome ko Yamai.

Maganin farko

Sunansa zidobudin, amma an fi saninsa da AZT. Wani masani a Amurka ya harhaɗa shi a 1964 domin ciwon daji, bai yi amfani ba, aka aje. A watan Maris na 1987 aka yarda a ba masu ƙanjamau. Kowace awa 4 a ke sha, dare da rana, har mutane suna kwana da agogo mai ƙararrawa a gefen kai. Kuɗinsa wajen dala 10,000 ne a shekara. Babbar illarsa ita ce ya kan hana ɓargo yin jini: a gwajin da aka yi kafin a sake shi, mutum 21 cikin 100 na masu shansa sai da aka yi ta ƙara musu jini. Ga ciwon kai, ga tashin zuciya. A 1990 aka rage shi da rabi, da aka gane rabin ma yana aiki. Duk da haka shi kaɗai ba ya daɗewa yana tsaron mutum, gama ƙwayar cutar ta kan saba da shi.

A 1996, a babban taron likitoci a birnin Bankuba ta Kanada, aka nuna cewa in an haɗa magani uku ƙwayar ba ta samun hanyar kuɓuta. Waɗanda aka fid da rai da su suka tashi suka koma bakin aiki. Amma da wane irin nauyi! Wani mai suna Crixivan, kowace awa 8 a ke sha, ciki ba abinci, sa'an nan a bi shi da ruwa lita ɗaya da rabi a yini, in ba haka ba tsakuwa ta fito a ƙoda. Waɗansu zawo su ke sawa ba fashi. A shekara ta 2000 likitoci a Amurka suka nuna cewa magungunan wannan zamani ba su riƙe cutar sosai sai an sha 95 cikin 100 na abin da aka rubuta, watau mai sha sau biyu a rana kada ya tsallake fiye da sau 3 a wata. A wannan shekara kuma aka buga lissafin mutum 862 a Italiya waɗanda suka fara magani. Waɗanda suka bar haɗin farko saboda bai yi aiki ba, 5 ne cikin 100. Waɗanda suka bar shi saboda ya cuce su, 21 ne.

Da ya iso mana

Duk wannan a ƙasashen masu arziki ne. Mu nan muna ta binne mutane. A 2001 shugaban hukumar ba da taimako ta Amurka, Andrew Natsios, ya ce ba da maganin nan a Afirka zai yi wuya domin mutanenmu da yawa ba su san agogo ba. Magana ce ta wanda bai taɓa kwana kusa da masallacin Zongo ya ji kiran assalatu ba. A 2006 aka tattara binciken ƙasashe da yawa aka gwada, sai ga shi 77 cikin 100 na masu shan magani a Afirka suna riƙe shi yadda ya kamata, a Amurka da Kanada kuwa 55. A Kano ma, Farfesa Abdulrazaq Habib da abokan aikinsa sun nuna a 2009 cewa masu azumin Ramadan sun mai da shan maganinsu lokacin sahur da buɗa baki, riƙonsu kuwa bai ragu ba.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne kuɗi. A watan Fabrairu na 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da haɗin uku a kan dala 350 a shekara. A farkon 2002 Nijeriya ta fara ba da magani a cibiyoyi 25, domin manya 10,000 da yara 5,000, mai sha yana biyan naira 1,000 a wata; sai a 2006 ya zama kyauta. Benin ta fara a watan Fabrairu na 2002 a wuri uku, dukansu a Kwatano: babban asibitin koyarwa na Hubert Maga, da asibitin soja na barikin Gezo, da wata cibiya a Akpakpa. A Disamba na 2004 aka daina karɓar kuɗin magani.

Lalle sai mu faɗi gaskiya, a farkon nan ba illar magani ce ta fi hana mutane sha ba. A asibitin Malam Aminu Kano an tambayi mutum 263, aka buga sakamakon a 2005: 54 cikin 100 ne kaɗai su ke shan akasarin abin da aka rubuta musu, babban dalili kuwa shi ne maganin ya kan yanke a asibiti, sai mantuwa, sai rashin kuɗi. Sa'ad da aka toshe waɗannan ramuka ne wahalar maganin kansa ta fito fili.

Maganin da ya tona asiri

Ƙwayar nan ta Cipla, mai suna Triomune, da 'yan'uwanta na sauran kamfanoni, su ne suka ceci dubban mutanenmu, ba kuwa za mu yi musu butulci ba. Ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare. A cikinta akwai magani uku, lamibudin da nebirafin da sitabudin. Na farkon lafiyayye ne. Nebirafin ya kan nuna halinsa da wuri, cikin makonnin farko: ƙuraje su feso, wani lokaci hanta ta kumbura, kaɗan daga cikin mutane kuma fata da leɓe da ido su saluɓe kamar an zuba musu ruwan zafi, abin da ya kan kai ga mutuwa in ba a tsai da maganin nan da nan ba. Saboda haka a ke fara shi da rabi har kwana 14.

Sitabudin, wanda a ke rubutawa d4T a jikin kwalba, shi ne mai halin gara. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai waɗansu ƙananan murahu inda a ke ƙona abinci ya zama ƙarfi, su ne maganin nan ya ke lalatawa kaɗan kaɗan. Jijiyoyin da suka fi tsawo su ne su ke fara jin jiki, watau na ƙafa. Tafin ƙafa ya riƙa zafi kamar an taka garwashi, ko ya riƙa suka kamar allura, da dare ko zane mutum ba ya so ya taɓa shi. Daga baya ƙafar ta mutu, takalmi ya fita bai sani ba. Ɗan dako a kasuwar Dantokpa, da mai talla, da direban da ke taka birki daga nan har Malanbil, ƙafa ce jarinsu. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai abu na biyu ya biyo: kitsen da ke ƙarƙashin fata ya narke. Kumatu su zurma, hannu da ƙafa su tsotse har jijiyoyi su fito raɗa-raɗa, mazaunai su shafe. Waɗansu kuma, da wannan magani ko da waninsa, kitsen ya kan taru musu a ciki ko a bayan wuya kamar tozo. Likita Marcel Zannou da abokan aikinsa sun bi mutum 79 a Kwatano wajen shekara 2 bayan sun fara magani, suka buga a 2009 cewa siffar jikin 30 cikin 100 ta sāke.

Ku duba abin da wannan ya ke nufi. Ciwon da sunansa ma daga ƙanjamewa ya fito, mutum ya sha magani domin ya rabu da rama, jininsa ya gyaru, ƙarfinsa ya komo, sai fuskarsa ta ɗauki kamannin ciwon da ya ke ɓoyewa. A ce mace ce mai sayar da tuwo a bakin tasha: ranar da aka fara nuna kumatunta da leɓe, cinikinta ya mutu. A ce matar aure ce da kishiya a tsakar gida. Likita yana duban takarda yana murna, ita kuwa madubi ta ke dubawa. Amfanin magani a cikin jini ya ke, ba mai ganinsa, illarsa kuwa a fuska ta ke. Tsofaffinmu da suka yi aiki a asibitocin kutare, irin su Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Danja kusa da Maraɗi, sun riga sun san wannan hali, gama akwai maganin kuturta mai rina fata ta yi duhu, mutane kuwa sun sha ƙinsa domin kada a gane su.

Abin baƙin ciki shi ne an san halin sitabudin da wuri. Tun 2004 likitocin Amurka suka fid da shi daga sahun gaba. Mu aka bar mana shi domin ya fi araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara da rage shi daga miligiram 40 zuwa 30, sai a ƙarshen Nuwamba na 2009 ta ce ƙasashe su janye shi, janyewar kuma ta ci shekaru. Kitsen fuskar da ya tafi ba ya cika komowa. Har yau akwai dattawa a cikinmu masu ɗauke da tambarin wannan zamani.

Ga kuma yunwa. Mai ciwo in ya fara samun sauƙi, cin abinci ya kan buɗe masa ƙwarai, maganin kuma ya fi juya ciki in babu kome a cikinsa. A gidan da a ke ɗora tukunya sau ɗaya a yini, mutum ya kan ce bari ya bar maganin yau sai an sami abin ci.

Likitoci ma da kansu sun yi tunanin ko za a iya ba jiki hutu, a sha magani a aje, sai jini ya fara raunana a koma. An gwada wannan a Abijan, aka tsai da wannan sashe na gwajin da aka ga ciwo mai tsanani ya ninka sau biyu da rabi a cikin masu hutun. An gwada a ƙasashe 33 da mutum 5,472, aka tsai da shi a Janairu na 2006 saboda dalili iri ɗaya. Abin mamaki, har ciwon zuciya da ƙoda da hanta, waɗanda a ke tsammani hutun zai rage, sun fi yawa a wurin masu hutawa. Akwai kuma wata ɓarna a ɓoye. In mutum ya aje ƙwayar mai magani uku, biyu su kan fita daga jini da sauri, nebirafin ya saura shi kaɗai kwana da kwanaki, ƙwayar cutar ta same shi ba mataimaki, ta koyi makamarsa. In ya komo, haɗin farko ya daina yi masa aiki, sai na biyu, wanda ya fi tsada, ya kuma zo da nasa: lofinabir da zawo, atazanabir da ido rawaya kamar mai shawara.

Mafarkai

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓi sabon haɗi, ƙwaya ɗaya tak a rana, mai tenofobir da lamibudin da efabirenz. Ƙafa ta huta, fuska ta huta. Sai aka koma kai. Wajen rabin masu fara efabirenz su kan ji jiri, ko nauyin kai kamar wanda ya sha giya, ko rashin barci, ko mafarkai masu ban tsoro waɗanda su ke kamar a farke. Ga yawancin mutane abin ya kan lafa cikin mako 2 zuwa 4, ya kan yi sauƙi kuma in an sha lokacin kwanciya, ba a kan abinci mai maiƙo ba. Ga waɗansu ba ya lafawa, har ya kai su ga baƙin ciki mai nauyi.

Daga baya aka gane dalili. Akwai wani sinadari a hanta mai narkar da wannan magani, waɗansu kuwa sun gāji irin wanda ya ke aiki a hankali, sai maganin ya taru musu a jini. A binciken da aka buga a Amurka a 2004, an sami wannan gādo a jikin 20 cikin 100 na baƙar fata, Turawa kuwa 3 cikin 100. Ma'aunin kuma ɗaya ne ga kowa, miligiram 600. Ashe mai kukan cewa maganin ya fi ƙarfinsa ba raki ya ke yi ba. A 2014 aka nuna 400 ma ya isa.

A ƙasarmu ba a ɗaukar mafarki da wasa. Wanda ba a gargaɗe shi ba, ya kwana uku yana ganin matattu suna kiransa, me zai ce in ba sammu ko iska ba? Sai ya nufi boka, ko malamin tsibbu, ko gidan addu'a. Da kunya mu ke faɗa, waɗansu masu wa'azi da sunan Almasihu sun sa mutane zub da maganinsu domin su nuna bangaskiya, aka kuwa binne su. Mai gajiya da magani shi ne abincin mai da'awar warkarwa. A Gambiya shugaban ƙasa da kansa, Yahya Jammeh, ya ce a Janairu na 2007 ya sami maganin ganye, ya sa marasa lafiya suka bar na asibiti, waɗansunsu suka mutu.

Shawarar a sha lokacin kwanciya kuma, wa aka yi wa ita? Direban da zai ta da mota da asuba da jiri a kansa, da mai gadi, da matan Jonke waɗanda darensu shi ne ranarsu, ba su shiga lissafin ba. Daga 2014 zuwa 2016 an ba mata masu zaman kansu 105 a Kwatano magani da wuri, tun ciwo bai kwantar da su ba. A ƙarshe 59 cikin 100 ne suka saura ana ganinsu, babban dalili kuwa ƙaura ce, sun bar gari. Illar magani ba ta cika kā da mutum ita kaɗai ba. Sai ta same shi a hanya, nesa da malamin asibitin da ya san shi, wanda da ya ce masa, “Yi haƙuri mako biyu,” ko kuwa, “Kawo a sāke maka wani.” Waɗansu da suka aje magani ba su san ana sākewa ba, da yawa kuma sun ji nauyin kai kuka a kan abin da aka ba su kyauta.

Abin da a ke sha yanzu

Dolutegirabir ya fito a Amurka a 2013. A Satumba na 2017 aka daidaita farashin haɗinsa, wanda a ke rubutawa TLD, a kan wajen dala 75 a shekara, Nijeriya tana cikin ƙasashen Afirka da suka fara gwada shi. Ba ya sa maye, ƙwayar cutar kuma ba ta saurin sabawa da shi. Amma a watan Mayu na 2018 labari ya zo daga Botsuwana cewa a cikin jarirai 426 da aka yi cikinsu uwayensu suna shansa, 4 an haife su da lahani a ƙwaƙwalwa ko ƙashin baya. Ƙasashe da yawa suka hana shi ga duk macen da ba ta wuce haihuwa ba. A watan Yuli na wannan shekara mata 39 masu ɗauke da cutar, daga ƙasashe 18, suka taru a Kigali suka ce ba su yarda ba: a gaya musu hatsarin, a ba su hanyar tazarar haihuwa, a bar su su zaɓa, gama su ne suka san darare da efabirenz. Da aka ci gaba da ƙirga haihuwa, lissafin ya yi ta sauka har ya zo daidai da na sauran magunguna, a Yuli na 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba kowa shi, maza da mata.

Shi ma ba a rasa shi da nasa. Waɗansu ya kan hana su barci, shi ya sa a ke ce musu su sha da safe. Gwaje-gwajen da aka buga a 2019 daga Yawunde da Johannesbag sun nuna yana sa ƙiba, musamman ga mata. A unguwar da rama ta daɗe tana tona asiri, wannan illa marhabin a ke yi da ita, har a kan yi wa mutum barka. Likitoci dai ba su saki jiki ba, suna sa ido kan hawan jini da ciwon sukari.

Yara su ne aka bari a baya. Shekara da shekaru jariri mai cutar ruwan lofinabir a ke ɗura masa, mai ɗaci kamar maɗaci, da barasa fiye da kashi 40 cikin 100 a ciki, kuma sai an aje shi a firji, a gidajen da ko wutar lantarki babu. Uwa ta danne yaro safe da yamma, ya tofar, ya yi amai, maƙwabta suna ji suna tambaya wane irin magani ne wannan da ba ya ƙarewa. Ranar 1 ga Disamba 2020 aka ba da sanarwar ƙaramar ƙwayar dolutegirabir ta miligiram 10, mai narkewa a ɗan ruwa, mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, a kan dala 36 a shekara. Ƙasashe 6 aka zaɓa su fara karɓa a 2021: Benin, da Nijeriya, da Kenya, da Malawi, da Yuganda, da Zimbabuwe.